Wa Ke Riƙe da Wa? Cuɗanyar Furotin a Ginuwar Maniyyin Ɓera

A shekarar 2006, masu bincike a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston a Amurka, ƙarƙashin Martin Matzuk, suka samar da ɓeraye waɗanda jikinsu ba ya iya ƙera wani furotin guda ɗaya tak mai suna TEX14. In ka ga ɓerayen ba za ka ce wani abu ya same su ba. Suna ci, suna girma, suna kai-komo a keji kamar sauran. Matan ma suna haihuwa. Amma mazan, duk daɗewar da suka yi tare da mace, ko ɗa ɗaya babu. Da aka duba 'ya'yan marainansu a madubin ƙara girma, sai aka tarar ƙwayoyin da ya kamata su zama maniyyi sun faro tafiya, sun tsaya a hanya, sun mutu.

Furotin dai su ne ma'aikatan jiki. Kowanne sarƙa ce doguwa da ta naɗe ta ɗauki siffarta, da tudu da kwari da 'yan aljihu, kuma ƙwayar gado, wadda masana ke kira jin, ita ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Da wuya furotin ya yi aiki shi kaɗai. Sai ya dace da wani, ya riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido ko na kwanaki, sannan wani abu ya faru. Shi ya sa sanin sunan furotin da ya ɓace rabin amsa ne kawai. Sauran rabin yana cikin tambayoyi biyu: wa yake riƙewa, kuma a wane lokaci?

Amsar TEX14 ta fito a 2010, daga wannan ɗakin bincike dai, kuma har yau tana burge ni. Idan ƙwayar halitta ta gama-gari za ta rabu biyu, tsakiyarta na tsukewa har ya rage ɗan siririn zare tsakanin sabbin ƙwayoyin biyu. A tsakiyar zaren akwai wani furotin, CEP55, wanda ke da gurbi a jikinsa. Wasu furotin biyu, ALIX da TSG101, su ke zuwa su shiga gurbin, su kira masu yanka, a datse zaren, kowace ƙwaya ta kama gabanta. To shi TEX14 yana da wani ɗan guntun sashe mai kama da nasu. A ƙwayoyin da za su zama maniyyi, sai ya riga su zuwa ya zauna a gurbin. Masu yanka su rasa wurin sauka. Zaren bai yanke ba, sai ya zama gada mai faɗin kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma duk rabuwar da za ta biyo baya haka za ta ƙare, har a sami jerin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a haɗe da juna kamar tsakiya a zare.

Babban aikinsa ke nan: ya tare wuri. Kuma haihuwar namijin ɓera kacokan ta rataya a kan wannan zama.

Me ya sa sai an yi gada? Dalili ɗaya a fili yake. Ƙwayoyin gado a jere suke cikin wasu ɗaure-ɗaure da ake kira kuromosom. Can gaba, rabin ƙwayoyin za su ɗauki kuromosom X, rabi su ɗauki Y. Shi X yana ɗauke da umarni da yawa waɗanda kowace ƙwaya ke buƙata, shi kuwa Y ƙarami ne. Ta gadar nan ne mai X ke miƙa wa mai Y abin da ya rasa. Sai dai a ɓerayen Matzuk tafiyar na tsayawa tun kafin a kai wannan rabon, wato gadar na da wani amfani tun da wuri, mai yiwuwa na sa 'yan jeri ɗaya su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai wuce wani.

Maganar tafiya tare ba ƙarama ba ce a nan. A ɓera, daga ƙwayar asali zuwa cikakken ɗan maniyyi kwana 35 ne ko kusa da haka. A ɗan Adam ya haura wata biyu. Aikin na gudana ne cikin wasu siraran bututu da suka cika ɗan maraina a nannaɗe. Ƙwayoyin asali na zaune a jikin bangon bututun, kuma duk wadda ta ƙara girma sai ta matsa zuwa tsakiya, inda a ƙarshe ake sakinta. Tun 1956 Eugene Oakberg ya tsara wannan zagaye a ɓera zuwa matakai 12, kuma duk kwana 8.6 sabon ayari ke tashi a kowane yanki na bututun. Wanda ya goge a aikin, da ya kalli yanka ɗaya a madubi zai gaya maka matakin da ake, domin wasu nau'o'in ƙwaya kullum tare ake ganin su.

Masu raino a wurin su ne ƙwayoyin Satoli, waɗanda ɗan Italiyan nan Enrico Sertoli ya bayyana a 1865. Dogaye ne, daga bango har tsakiya, kuma ƙananan ƙwayoyin na maƙale a jikinsu. Suna fitar da wani furotin, GDNF, wanda ke sauka a kan wasu furotin biyu a fatar ƙwayar asali, GFRA1 da RET, da saƙon cewa ta dakata tukuna ta ci gaba da zama iri. A shekarar 2000 wani bincike daga Helsinki ya nuna cewa in saƙon ya yi ƙaranci irin na ƙarewa a hankali, in kuma ya yi yawa ƙwayoyin asali su taru su ƙi gaba. Saƙon tashi kuwa wani sinadari ne da jiki ke sarrafawa daga bitamin A. Ɓeran da aka hana bitamin A, aikin maniyyinsa tsayawa yake cak, da an mayar masa sai duk bututun su tashi lokaci guda. Wannan sinadari na tayar da furotin STRA8, kuma a 2020 ne Kei-ichiro Ishiguro da abokan aikinsa a Jami'ar Kumamoto ta Japan suka gano abokin tafiyarsa, MEIOSIN. Su biyun a haɗe ne ke buɗe ƙofar mataki mafi haɗari a duk tafiyar.

Wannan mataki shi ne meyosis, rabuwar da ke rage gado zuwa rabi. Ɓera na da kuromosom 40, guda 20 daga uwa, 20 daga uba, kuma ɗan maniyyi 20 kacal zai ɗauka. Kafin a raba, dole kowane kuromosom ya nemo takwaransa a cikin cunkoson cibiyar ƙwaya, su jeru, su yi musayar wasu sassa. Yaya za su ga juna alhali ba ido ba ƙafa?

Jan su ake yi. Bakin kowane kuromosom ana ɗaure shi a tantanin da ya kewaye cibiya. TERB1 ya kama bakin, TERB2 ya kama TERB1, MAJIN ya kama TERB2 ya kuma lafe a jikin tantanin. Daga nan SUN1 ya karɓa, ya miƙa hannu ta cikin tantanin zuwa ga KASH5, shi kuma KASH5 ya leƙa waje ya riƙe wani furotin mai tafiya, dainin, wanda ke takawa a kan zaruruwan ƙwayar yana ja. Da haka kuromosom ke ta jujjuyawa a ciki har kowa ya ci karo da nasa. Hannu shida ke nan a jere, kuma an gwada cire na tsakiyar ɗaya bayan ɗaya a ɓeraye. Sakamakon kusan iri ɗaya ne: kuromosom su kasa haɗuwa, haihuwa ta tsaya. Likitan da zai duba irin wannan ɗan maraina hoto ɗaya zai gani, alhali wurin da sarƙar ta tsinke daban-daban ne.

Ana cikin wannan juyi, ƙwayar na aikata abin da a ko'ina cikin jiki masifa ce. Da gangan take karya DNA ɗinta, wato dogon zaren da ke cikin kuromosom wanda umarnin gado ke rubuce a kai, a wurare 200 zuwa 300. Mai karyawar SPO11 ne, kuma a 2016 aka tabbatar ba ya iyawa sai da abokinsa TOPOVIBL. Kowane tsinkakken baki na shiga neman inda rubutunsa ya yi daidai a jikin takwara, domin ya kwafa ya gyara kansa, kuma wannan neman ne ke tabbatar da cewa an haɗu da wanda ya dace. Mafi yawan karayar ana ɗinke su ba tare da musaya ba. Ashirin da 'yan kai ne ke zama musaya ta gaske, aƙalla ɗaya a kowane tagwai. A tsakanin takwarorin kuma ana gina wani abu mai kama da zif ɗin riga, wanda aka fara gani tun 1956: SYCP3 da SYCP2 a gefe, SYCP1 a matsayin haƙora, da wasu ƙanana irin su TEX12 a tsakiya suna kulle haƙoran. Faɗinsa nanomita 100 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita.

A shekarar 2000 aka cire SYCP3. Mazan suka daina haihuwa kwata-kwata. Matan kuwa suka ci gaba da haihuwa, sai dai 'ya'yan sun ragu, domin wasu ƙwayayen na fita da kuromosom da bai cika ba ko ya yi yawa. Furotin ɗaya, rashi ɗaya, sakamako biyu. Ɗan maraina ya fi tsananin bincike, ƙwayar da ya ga da aibi kashe ta yake yi.

Wani ɓangare na wannan tsanani na da nasaba da X da Y. Su biyun ba su yi kama ba sai a wani ɗan guntun baki, saboda haka yawancin jikinsu na zama babu zif. Duk wurin da ya rage a buɗe, wasu furotin da ake kira HORMAD na tsayawa a kai kamar tuta. BRCA1 ya zo, wanda mutane suka fi sani ta dalilin sankarar mama, ya taimaka wa ATR ya sauka. ATR ya buga alama a jikin wani furotin mai suna H2AX, MDC1 ya kama alamar ya yaɗa ta, har X da Y su lulluɓe su yi tsit. In ban da HORMAD, waɗannan duka ma'aikatan gyaran DNA ne a sauran sassan jiki, a nan kuma an ba su aikin rufe baki. In shirun bai samu ba, wasu ƙwayoyin gado na Y su yi magana a lokacin da bai kamata ba, kuma ƙwayar ta mutu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa lamarin na dacewa ne ta fito daga Prague. Jiri Forejt ya kwashe shekaru gommai yana bin diddigin wani abu: ɓerayen gida na gabashin Turai da na yammacinta, kowanne na haihuwa lafiya a cikin danginsa, amma a wasu haɗe-haɗen 'ya'yansu maza ba sa haihuwa. A 2009 aka gano babban mai hannu a ciki, PRDM9, furotin da daga baya aka fahimci shi ke nuna wa SPO11 inda zai karya. Na uwa lafiyarsa ƙalau, na uba ma haka. Amma a jikin ɗan, alamomin na sauka a karkace, a kan kuromosom ɗaya ban da takwaransa, gyara ya yi jinkiri, zif ya ƙi rufuwa a wurare da dama. A nan riƙon tsakanin furotin da DNA ne, amma darasin ɗaya ne. Kana iya duba kowane sashe ka same shi babu aibi, aibin na tsakani.

Bayan meyosis, abin da ke hannu 'yar ƙwaya ce kewayayya, kuma cikin kusan mako biyu, ta matakai 16, za ta zama abu mai kai kamar lauje da doguwar wutsiya. A nan lokaci ne sarki.

DNA a ƙwayar gama-gari a nannaɗe yake a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro. Wannan naɗi ya yi girma ga kan ɗan maniyyi. Sai a buga wa histon alama, wani furotin na ɗan maraina mai suna BRDT ya gane alamar ta wani aljihu da ke jikinsa, ya kama, a fara kwance. Furotin na riƙon ƙwarya, TNP1 da TNP2, su shigo, daga bisani furotamin biyu, PRM1 da PRM2, su karɓe wurin su matse DNA tamau. Amma fa da zarar an matse shi, ba a iya karanta shi. To ta yaya za a ci gaba da ƙera furotamin bayan an rufe littafin da umarninsa ke ciki? Ƙwayar na kwafar umarnin tun da sauran lokaci, ta damƙa kwafin ga wasu furotin masu ajiya su rungume shi na kwanaki, sai lokaci ya yi su sake. A 1995 aka gwada sa PRM1 ya fito kafin lokacinsa. Furotin ɗin daidai yake, wurin ma daidai, amma cibiyar ta matse da wuri, ginin ya lalace.

Ko haɗin kai da wutsiya riƙon furotin ne. SUN5, ɗan'uwan SUN1 na ɗazu, shi ke maƙale wuyan wutsiya a tantanin cibiya. Ɓeran da ya rasa shi na fitar da wutsiyoyi ba kai, kuma an sami irin wannan a maza 'yan Adam masu tawaya a wannan ƙwayar gado.

Akwai kuma lalacewar da ido ba ya gani sam. A 1997, a Jami'ar Osaka, Masahito Ikawa da Masaru Okabe suka cire kalmejin, furotin da aikinsa taya wasu furotin naɗewa daidai a lokacin ƙira. Maniyyin ya fito da yawa, siffarsa cas, yana iyo, amma haihuwa kusan babu. Da aka bi sawu, sai aka ga wani furotin na fatar ɗan maniyyi, ADAM3, ba ya isa wurinsa, kuma maniyyin na maƙalewa a mashigar da ke tsakanin mahaifa da bututun ƙwai. Kuskuren da aka yi makonni a baya cikin ɗan maraina sai a jikin mace ya bayyana. Daga baya an sami ƙwayoyin gado fiye da goma waɗanda cire kowacce ke kaiwa ga ɓacewar ADAM3.

A Osaka dai, a 2005, aka gano IZUMO1, furotin da in babu shi ɗan maniyyi zai kai har jikin ƙwai ya kasa narkewa da shi. An san dole yana da abokin riƙo a fatar ƙwai, amma sai da aka shekara 9 ana nema. Riƙon nasu mai rauni ne, kafin a kama su a gwaji sun saki juna. Gavin Wright da tawagarsa a Cibiyar Sanger ta Ingila suka yi dabarar ɗaure kwafin IZUMO1 da dama wuri guda domin raunanan hannaye su taru su yi ƙarfi, kuma a 2014 suka kama abokin, suka sa masa suna JUNO.

Wannan jinkiri na shekara 9 ya kamata ya sa mu taka a hankali da duk wani zanen taswirar cuɗanyar furotin da aka nuna mana. Hanyoyin gano riƙon kowacce na da makantarta. Akwai ta yis, 'yar halittar nan mai kumbura burodi, wadda Stanley Fields da Ok-kyu Song suka fito da ita a 1989: a raba wani makunni biyu, a liƙa kowane rabi a jikin furotin ɗaya, in sun riƙe juna makunnin ya haɗu yis ɗin ya nuna alama. Sai dai furotin biyu na iya gaisawa a cikin yis alhali a ɗan maraina ba su taɓa zama a ƙwaya ɗaya a rana ɗaya ba. Akwai ta kamun ƙugiya, inda ake niƙa nama a jawo furotin ɗaya a ga waɗanda suka biyo shi, amma wanda ya biyo ɗin wataƙila abokin aboki ne. Cire ƙwayar gado, wanda fasahar yanka DNA mai suna CRISPR ta sauƙaƙa tun 2013, shi ma da tarkonsa. In ƙwayoyin sun mutu a matakin farko, ba ka da hanyar ganin ko furotin ɗin na da wani aiki a gaba. In kuma wani furotin ya ragu a ɗan marainan, ko don ya rasa abokinsa ne, ko don ƙwayoyin da ke ƙera shi ne suka mutu? Takarda mai kyau ita ce wadda ta fuskanci wannan tambaya.

Ina girmama wani aiki da tawagar Ikawa da ta Matzuk suka fitar a 2016. Sun cire ƙwayoyin gado 54 waɗanda suka fi aiki a ɗan maraina, ɗaya bayan ɗaya, kuma a duk 54 ɗin mazan suka haihu. Irin wannan sakamako ba ya jawo suna, amma ya ceci wasu daga ɓata shekaru. Ya kuma nuna cewa ginin na da madadi a wurare da yawa, in wani ya faɗi ɗan'uwansa ya cike gurbi, ko kuma amfaninsa sai an fita daga jin daɗin keji zai bayyana.

Duk wannan wahala da ɓera saboda mutum ake yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji, duk da sau da yawa mace ake fara nuna wa yatsa. Ba za a iya yanka ɗan marainan mutum mai lafiya don gwaji ba, shi kuwa ɓera na balaga cikin makonni. Wani lokaci hanyar na ɓullewa: TEX11 a ɓera aka fara fahimtarsa, sannan a 2015 aka same shi da tawaya a wasu mazan da maniyyinsu ba ya ɗauke da ƙwaya ko ɗaya. Wani lokacin kuma ba ta ɓullewa. Shi ADAM3 da komai ya rataya a kansa a ɓera, a jikin ɗan Adam ƙwayar gadonsa matacciya ce, ba ta ƙera komai.

Ilimin na da fuska ta biyu. Wanda ya san riƙon da haihuwa ta dogara da shi zai iya kwance shi na ɗan lokaci, wato maganin tazarar haihuwa na maza wanda bai taɓa sinadaran mazakuta ba. A 2012 Matzuk da James Bradner na Cibiyar Dana-Farber a Boston suka gwada wani ɗan ƙaramin sinadari, JQ1, wanda ke shiga aljihun nan na BRDT ya zauna, histon ya rasa wurin kamawa. Dabarar TEX14 ce sak, a wannan karon daga hannun mutum. Mazan ɓerayen suka daina haihuwa alhali suna neman mata kamar da, kuma da aka tsayar da maganin haihuwar ta dawo, 'ya'yan lafiya lau. Abin da ya hana JQ1 zama maganin mutane shi ne BRDT na da 'yan'uwa, BRD2 da BRD3 da BRD4, masu aiki a sauran sassan jiki, kuma aljihunsu kusan iri ɗaya ne da nasa, JQ1 na shiga duka. Masu haɗa magani tun daga lokacin suna auna waɗannan aljihuna, suna neman ɗan bambancin da zai sa sinadari ya shiga na BRDT ya bar sauran.